Hul'i da Ciyarwar Idda a Ƙasar Wurno, Raba da Goronyo

A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan ƙasar Sakkwato suke bi, ciyar da matar da aka saka bai wuce idda ba, watau tsarki uku, ko haihuwa ga mai ciki. In saki ne wanda babu kome, muhalli kaɗai take da shi, sai fa in tana da ciki.

Nan ne wasu magidanta, a Kagara kamar sauran ƙasar Hausa, suke samun kafa. Sai su ƙuntata wa mace har ta fanshi kanta da hul'i, sadaki ya dawo, ciyarwa ta faɗi. Alhali kuwa littafin Risala ya toshe wannan kafa: in cutarwa ta tabbata, saki ya zauna, dukiyarta kuma ta koma mata. Wuyar dai shaida ce, domin maƙwabta ba safai suke yarda su faɗi abin cikin gida gaban alƙali ba.