Arrows: Ƙungiyar Formula 1 da ɗan sarkin Okene ya shiga, ta yi tsere 382 ba ta ci ko ɗaya ba

A farkon shekarar 1999, shafukan wasanni na jaridun Turai sun cika da labarin wani ɗan Najeriya da ya sayi hannun jari a ɗaya daga cikin ƙungiyoyin Formula 1, gasar tseren motoci da ta fi kowace cin kuɗi. Sunansa Malik Ado Ibrahim, ɗan Ohinoyi na ƙasar Ebira, marigayi Alhaji Ado Ibrahim, wanda fadarsa ke Okene a Jihar Kogi. Ƙungiyar kuwa ita ce Arrows ta ƙasar Ingila, wadda a lokacin ta haura shekara 20 tana tsere ba ta taɓa zuwa ta ɗaya ba.

Motar Formula 1 ba irin wadda aka saba gani a titi ba ce. Mazauninta ɗaya ne tak, tayoyinta huɗu suna waje babu abin da ya rufe su, tana da fukafukai gaba da baya masu danne ta a ƙasa idan gudu ya kai gudu. Doka ta wajabta wa kowace ƙungiya ta ƙera motarta da kanta, kusan duk shekara sabuwa. A nan kuɗi ke tafiya, a nan kuma Arrows ta yi ta shan wuya.

Mutum biyar ne suka kafa ta a ƙarshen 1977: Franco Ambrosio, Alan Rees, Jackie Oliver, Dave Wass da Tony Southgate, kuma daga haruffan farko na sunayensu aka harhaɗa sunan. Yawancinsu daga ƙungiyar Shadow suka ɓalle. Motarsu ta farko ta ba da mamaki, domin a tserenta na biyu, a Afirka ta Kudu cikin 1978, Riccardo Patrese ya daɗe yana kan gaba kafin injin ya mutu. Sai dai Shadow ta garzaya kotu a Landan tana cewa zanen motarta aka kwafa, kotu ta gaskata ta, Arrows ta ƙera wata cikin ƙasa da wata biyu.

Haka tafiyar ta ci gaba, yau da sauƙi gobe babu. Matsayi mafi girma da ta kai shi ne na biyar, a 1988. Wani attajirin Japan ya saye ta, aka koma kiranta Footwork daga 1991, sannan Tom Walkinshaw ya karɓe ta a 1996.

Ranar da masoya tseren ba su manta ba ita ce ta gasar Hungary a watan Agustan 1997. Walkinshaw ya ɗauko Damon Hill, zakaran duniya na 1996, ya ɗora shi a motar da babu mai yi mata zaton komai. Hill ya wuce Michael Schumacher na Ferrari tun da wuri, ya ba na bayansa ratar sama da daƙiƙa 30. Saura zagaye uku a tashi, na'urar da ke sarrafa giya da totur ta soma gardama, motar ta koma rarrafe. A zagaye na ƙarshe Jacques Villeneuve ya wuce shi. Hill ya zo na biyu, nasara ta zo bakin ƙofa ta juya.

Ƙungiya mai irin wannan ƙishirwa Malik ya tarar. Ya shigo tare da kamfanin zuba jari na Morgan Grenfell, rahotannin lokacin kuma suka ce alƙawarin da ya zo da shi ya kai dala miliyan 125. Dabararsa ta saɓa wa al'ada. Maimakon a sayar wa kamfanoni fili a jikin mota su manna tallarsu, sai ya ƙirƙiro tambarin kansa mai suna T-Minus aka rubuta a gefen motocin, da nufin idan sunan ya shahara a riƙa sayar da kaya da shi, irin su lemon ƙara kuzari da babura. Wato dai an buɗe shago an kafa allo tun kafin haja ta iso. A gasar da ake biyan injiniyoyi duk wata, ake kuma lodin motoci a jirgin sama daga nahiya zuwa nahiya, ribar da ake jira nan da shekaru ba ta sayen taya.

A fagen tsere ma abin bai yi armashi ba. A gasar farko a Melbourne ta Ostireliya, Pedro de la Rosa ɗan Sifaniya ya zo na shida ya samo maki ɗaya, Toranosuke Takagi ɗan Japan na biye da shi. Wannan makin shi ne kaɗai abin da Arrows ta gani a duk kakar. T-Minus bai kawo kuɗin da aka sa rai ba, kafin shekarar ta ƙare an daina ganin Malik a filayen tsere, an kuma goge tambarin daga jikin motocin.

Ba a kansa matsalar ƙungiyar ta soma ba, ba kuma tafiyarsa ce ta kashe ta nan take ba. Kamfanin sadarwa na Orange ya ɗauki nauyinta daga 2000, Jos Verstappen, mahaifin Max Verstappen, ya tuƙa mata mota har kaka biyu. Amma bashi ya ci gaba da taruwa, shari'a ta shiga tsakanin Walkinshaw da Morgan Grenfell. Lamarin ya kai ga a Faransa cikin 2002 direbobinta suka fito zagayen share fage suka ƙi yin gudu da gangan, don dai a ce sun halarta a kauce wa tara. Gasar Jamus ta wannan shekara ita ce ta ƙarshe. An rufe masana'antar da ke Leafield, ma'aikata suka watse.

Malik Ado Ibrahim ya sake bayyana a idon 'yan Najeriya a zaɓen 2023, lokacin da ya tsaya takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar YPP. Ita kuwa Formula 1, rabonta da tsere a nahiyar Afirka tun na Kyalami a 1993.