Me ya sa Biyanu ba ya tsayawa a lokaci ɗaya?

A Agadas sabuwar shekara sau biyu take zuwa. Ta ɗaya ga Janairu ta gwamnati ce: a rufe ofisoshi, a canja kalanda a bango, washegari kowa ya koma bakin aikinsa. Wadda ke tayar da gari kuwa ita ce ta Muharram, watan cika-ciki, domin da ita ake rufe bikin Biyanu.

Kimanin mako guda bayan Babbar Salla ake soma jin tambura da akanzam da dare cikin unguwanni. Gari ya rabu biyu, 'yan gabas da 'yan yamma, kowane ɓangare da tambarinsa. Haka za a yi ta yi har makonni uku, sai a daren 9 ga Muharram jama'a su fita Alarsas, arewa da gari, su kwana can. Da gari ya waye su dawo, samari sun sha rawuna da manyan riguna, suna ɗaga ganyen dabino suna rawa, har fadar Sarkin Abzin don gaisuwa. Wasu dattawa na cewa tarbar da mutanen Madina suka yi wa Annabi (SAW) ake tunawa, wasu kuma su ce murnar saukar jirgin Annabi Nuhu ce.

Wanda ya ga Biyanu cikin sanyin hunturu yana yaro, zai gan shi cikin zafin bazara da girmansa, kuma dalilin yana cikin lissafi. Shekarar Hijira, wadda Sayyidina Umar ya tsayar, ya ɗauko ƙirgarta daga ƙaura zuwa Madina a 622, wata take bi: kwana 354 ko 355. Ta Miladiyya rana take bi, kwana 365. Saboda haka kowace shekara bikin yakan matso da kwana 10 ko 11, sai bayan shekara 33 ya koma kusa da inda ya taso. Ita kuwa Janairu gadon Rumawa ce. Paparoma Giregori ya gyara lissafinta a 1582, Faransawa suka shigo da ita ƙasar Abzin.

Hutun mako ma haka ya rabu. Asabar ta Yahudawa ce, Lahadi kuma Sarki Kwanstantin na Rum ya mai da ita ranar hutu a 321, ta biyo 'yan mulkin mallaka har ofisoshin Nijar. Juma'a daban take: ranar taro ce, shari'a ba ta hana nema a cikinta ba sai lokacin salla. Shi ya sa maƙeri zai rufe rumfarsa, ya nufi babban masallaci mai hasumiyar ƙasa ta mita 27, da la'asar kuma ka sake jin ƙarar gudumarsa a kan azurfa. Almajiran makarantar allo nasu hutun Alhamis ne da Juma'a, abin da malamai ke dangantawa da Sayyidina Umar shi ma.

Mai son ganin Biyanu kada ya dogara da kwanan watan bara. Ya jira Salla ta wuce, ya soma ƙirga daga nan.