Me Ya Sa Takarda Take Ƙin Sauka Daga Intanet?

Kowace shekara, idan jarrabawar JAMB ta matso, shagunan kwamfuta na Jalingo sukan cika da ɗalibai. Kowa yana son fitar da takardar da ke nuna ranar jarrabawarsa da cibiyar da zai rubuta ta. Ɗalibi zai latsa, ya jira, amma shiru. Nan take sai a ɗora laifin a kan rashin sabis. Sau da yawa kuwa ba nan gizo yake saƙa ba.

Manhajar da muke shiga intanet da ita, kamar Chrome ko Firefox, ita ake kira burauza. Tana aiki kamar maigadi a bakin ƙofa. Takan hana ƙananan tagogi ɓullowa ba tare da izini ba, domin yawancinsu talla ne ko tarkon 'yan damfara. Takardar JAMB kuwa ta irin wannan taga take fitowa, shi ya sa ake tare ta. Maganin shi ne a shiga saitin burauza, a ba shafin JAMB izini shi kaɗai, sannan a sake gwadawa.

Amma idan burauza ta yi gargaɗi cewa fayil yana da haɗari, to, a dakata. A duba ƙarshen sunansa. Takardar jarrabawa takan ƙare da .pdf. Wanda ya ƙare da .exe ko .apk manhaja ce, kuma tana iya satar lambobin sirrin banki. Wasu sukan kashe tsaron gaba ɗaya saboda gaggawa. Wannan ganganci ne, musamman a kwamfutar shago wadda mutane da yawa suke amfani da ita.