Mayar da Motar Otomatik Firi Domin Ja

Mahaɗar Bata, wadda ta samo sunanta daga kamfanin takalma na Bata, tana kan Titin Murtala Muhammad dab da Kasuwar Sabon Gari a Kano, kuma cunkoson adaidaita sahu da masu dako ya sa motar da ta mace a wurin ba ta samun uzurin jira, domin kuwa ko 'yan KAROTA masu kula da zirga-zirgar ababen hawa ba su iso ba, masu hanya za su nemi a kawar da ita. Wahalar ita ce, galibin motocin da ake hawa a yau, irin su Camry da Corolla da Accord, masu giyar otomatik ne, kuma idan hannun giyar ya kafe a kan harafin P, wato fakin, majiya ƙarfi goma ba za su gusar da motar ba.

Dalili kuwa shi ne, a cikin akwatin giya akwai wani ɗan haƙorin ƙarfe da ke cusa kansa cikin gurbin wata giya mai tsaga-tsaga, ya hana tayoyin da inji ke juyawa motsi. Bayan wannan akwai sakata ta biyu mai aiki da lantarki, wadda ba ta sakin hannun giya sai an taka birki. Kamfanoni sun yawaita sanya ta ne bayan ce-ce-ku-cen da aka yi kan motar Audi 5000 a Amurka a 1986, daga baya doka ta wajabta ta a can daga Satumbar 2010. Saboda haka mutuwar batir, ko ƙonewar fis, ko lalacewar makunnin fitilar birki, kowanne yana iya kulle giyar alhali lafiyarta ƙalau, shi ya sa gogaggen bakanike yakan fara da cewa a taka birki ya duba ko jar fitilar baya ta kama.

Masu ƙera motar sun tanadi mafita, ko da yake direbobi da yawa sun shekara suna kallon ta ba su san amfaninta ba. A gefen hannun giya akwai ɗan murfin roba da bai wuce faɗin farce ba, a wasu motocin kuma maɓalli ne. Da farko a ja birkin hannu, a tare taya da dutse, a murɗa makulli yadda sitiyari zai saki, sannan a ɓamɓare murfin, a zura bakin sukundireba ko makulli cikin ramin a danna, ana taka birki, a jawo hannun giyar zuwa N, wadda direbobi ke kira firi. Idan motar a gangare take, nauyinta na iya danne haƙorin nan, sai an ɗan tura ta sama kaɗan kafin ya saki. Fizgar hannun giya da ƙarfi kuwa ɓarna kawai take ƙarawa.

Sai dai firi ba lasisin doguwar tafiya ba ce. Famfon da ke zagaya man giya yana aiki ne da juyawar inji, don haka jan motar da inji a kashe yana sa ƙarafan ciki su yi ta gogayya ba isasshen mai, birki da sitiyari kuma su yi tauri. Ja da igiya ya dace ne da ɗan taƙi a hankali, gwargwadon fita daga tsakiyar titi, amma tafiya irin ta Bata zuwa Ƙofar Ruwa tana buƙatar janwe da zai ɗaga tayoyin gaba, ko kuma ya ɗauki motar ɗungurungum idan mai jan ƙafa huɗu ce.