Darasin zane a babbar sakandare: Abin da ya kamata iyaye su sani kafin su soke shi

A duk shekara, idan ɗalibai suka kammala aji uku na ƙaramar sakandare, akan nemi su zaɓi darussan da za su ɗauka a babbar sakandare. A cikinsu akwai wanda iyaye da dama kan soke ba tare da sun tsaya tambaya ba, wato darasin zane da ƙirar hannu. Wasu na kallonsa a matsayin wasan yara, wasu na gudun kashe kuɗi, wasu kuma na da shakku ta fuskar addini. Ba za a iya auna waɗannan dalilai ba sai an san abin da ake yi a ɗakin da ake koyar da darasin.

A ƙaramar sakandare, zane yana cakuɗe ne da kiɗa da wasan kwaikwayo a ƙarƙashin darasin al'adu da fasaha. A babbar sakandare kuwa cin gashin kansa yake yi, kuma hukumomin WAEC da NECO na yin jarrabawa a kansa. Jarrabawar na da ɓangaren rubutu, inda ake tambaya kan tarihin fasaha da ƙa'idojinta, da kuma ɓangaren aikin hannu, inda ɗalibi zai zauna na sa'o'i ya fitar da aiki a gaban mai sa ido. A wannan ɓangare na biyu hadda ba ta fisshe shi, domin hannun da bai saba ba ba ya sabawa a daren jarrabawa.

Abu na farko da ake koya wa ɗalibi shi ne kallo. Malami zai ajiye tulu da ƙwarya da buta a kan tebur, ya ce a zana. Sabon ɗalibi kan zana bakin tulun a zagaye cif, saboda haka ya san shi a kansa, alhali daga inda yake zaune bakin ya fi kama da ƙwai a kwance. Sai a nuna masa yadda zai miƙe hannu da fensir, ya rufe ido ɗaya, ya auna tsawon butar da na tulun. A nuna masa inda haske ya sauka da inda inuwa ta kwanta, da dalilin da ya sa abin da ke nesa yake ƙanƙancewa a kan takarda. Ana iya shafe zango guda a kan wannan kaɗai, kuma a nan ne ɗalibai da yawa kan gane cewa abin da ake kira baiwa, mafi yawansa maimaici ne da haƙuri.

Daga nan a shiga launi. Ja da shuɗi da rawaya su ne tushe. Shuɗi da rawaya su ba da kore, ja da rawaya su ba da ruwan lemu. Sai tsara rubutu da tambari da fosta, sai rini da buga ado a jikin yadi, sai yumɓu. Aikin yumɓu na da tasa tarbiyya. Dole a cuɗa shi sosai har iskar da ta maƙale a ciki ta fita, a bar abin da aka gina ya bushe sannu a hankali a inuwa, domin wanda aka yi wa gaggawa tsagewa yake yi, ko ya fashe a wuta. Yaron da ya taɓa rasa aikin mako biyu ta wannan hanya ba ya bukatar a sake yi masa huɗuba a kan garaje.

Darasin ya daɗe a makarantun Najeriya. Aina Onabolu ne ya yi fafutukar shigar da shi makarantun Legas, kuma a 1927 gwamnatin mulkin mallaka ta kawo Kenneth Murray daga Ingila domin koyar da shi. Cikin ɗaliban Murray akwai Ben Enwonwu, wanda daga baya sunansa ya zagaya duniya. Sai dai a Zariya ne aka yi abin da ya sauya alƙiblar fasahar ƙasar. A 1958 wasu ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suna neman a haɗa dabarun da Turawa ke koyarwa da fasahar da aka gada a gida. Abin lura, dukkan waɗannan huɗu daga Kudu suka zo, duk da cewa makarantar na zaune a gefen garin da ya yi fice a adon bango.

Arewa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Mutum-mutumin yumɓu na Nok, da aka tono a kudancin Kaduna, sun haura shekara dubu biyu. Marinar Ƙofar Mata a Kano na nan tana aiki da baba. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne a ƙarni na 19. Akwai aska takwas a ƙirjin babbar riga, akwai aikin dukawa, akwai zayyanar da alarammomi ke ƙawata Alƙur'ani rubutun hannu da ita. Matar da ke bayan takardar Naira 20, Ladi Kwali, maginiyar tukwane ce da ta koyi sana'ar a gida, kafin a 1954 ta shiga cibiyar da Michael Cardew ya kafa a garin da a yau ake kira Suleja. Duk waɗannan na cikin abin da ɗalibin zane ke karantawa, ko ya ɗauki samfuri daga gare su.

Batun addini shi ne mafi nauyi a zukatan iyaye Musulmi, kuma bai kamata makaranta ta yi masa riƙon sakainar kashi ba. Maganar malamai a kan surar abu mai rai sananniya ce, musamman mutum-mutumi, kuma hukunci nasu ne. Abin da ya rage ga iyaye su sani shi ne, kaso mai yawa na darasin bai shafi surar mai rai ba: zanen kayan gida da tsirrai da gine-gine, tsara rubutu, rini, saƙa da ginin tukwane. A jarrabawar ma akwai zaɓi tsakanin tambayoyi. Uban da ke da damuwa zai fi amfana idan ya zauna da malamin tun farkon shekara, ya ji waɗanne ɓangarori ne tilas, waɗanne ne ake iya musanyawa, maimakon ya yanke hukunci daga gida.

Kuɗi kuwa gaskiya ne ana kashewa, domin kayan aikin ƙarewa suke yi. Amma mai farawa ba ya bukatar masu tsada. Littafin zane, fensir HB da 2B da 4B (yawan lambar da ke gaban B, yawan taushi da baƙin fensirin), magogi, burushi biyu ko uku da ƙaramin kwalin fentin ruwa sun isa zangon farko. Gawayi da sitaci da tsofaffin jaridu suna gida, yumɓu kuma yana bakin rafi.

Tambayar da ta fi yawa ita ce, ina darasin zai kai yaro? JAMB na da jarrabawar zane, kuma a Jami'ar Ahmadu Bello akwai sashen zane-zane da sashen tsara kayan masana'antu, inda ake koyar da aikin yadi da tangaran da zanen ɗab'i. Kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha ma na ba da horo a fannin. A kasuwa, duk kwalin magani, tambarin kamfani, bangon littafi, fostar fim da allon talla, sai da wani ya zauna ya tsara su. Yau da kwamfuta ake yin mafi yawansu, amma kwamfuta ba ta koya wa mutum wane launi ne ke zama da wane. Ya kamata dai a faɗi gaskiya: rayuwa da sayar da zane zalla na da wuya, kuma darasin ba ya maye gurbin Turanci da Lissafi. Yaron da ke son karanta tsara gine-gine, alal misali, zane zai taimaka masa ƙwarai, amma sai ya haɗa da Lissafi da Fiziks.

Matsalar da ta fi cutar da ɗalibai ita ce makarantar da ke da darasin a jadawali kawai, babu ɗaki, babu ƙwararren malami, ana karanta wa yara yadda ake gasa tukunya daga littafi. Kafin uba ya sa hannu a takardar zaɓi, yana da kyau ya nemi a nuna masa ɗakin zanen da ayyukan ɗaliban bara, ya kuma tambayi sa'o'i nawa ake warewa aikin hannu a mako. Idan yaron ya fara, a samar masa babban kwali ko jaka da zai riƙa adana ayyukansa, kowanne da kwanan wata a bayansa, a ajiye nesa da danshi da gara. Masu ba da aikin zane sukan fara neman ganin wannan jaka kafin su tambayi takardar shaida.