Marigayin da ba a taɓa haifa ba: labarin makaɗan jaz na bogi

Ni dai ba na iya karatu da waƙar da ke da baituka. Da na kunna, sai in tsinci kaina ina bin mawaƙin, handawut kuma na gefe yana kallona. Shi ya sa duk lokacin jarrabawa nake komawa jerin kiɗan jaz mai sanyi, irin wanda ba a cewa uffan, fiyano ne kawai da ɗan bugun ganga kamar ana rarrashin jariri. A zangon da ya wuce, wajen ƙarfe ɗaya na dare a hostel, wani kiɗa ya ratsa ni har na ajiye biro na duba sunan mai shi. Na ce bari in nemo shi in bi shafinsa. Babu hoto. Babu hira ko ɗaya. Babu bidiyon wasa a gaban jama'a, babu Instagram, babu ko wanda ya taɓa cewa ya gan shi a hanya. Amma an saurari kiɗan nasa sau miliyoyi.

Wani lakcaranmu yana yawan cewa in ka ga suna ba sawu, ka tambayi wanda ya raɗa shi. Bayan jarrabawa na bi wannan shawarar, na ƙone data ba kaɗan ba, kuma abin da na fara ganowa shi ne wannan wasa ya girmi intanet nesa ba kusa ba.

A 1959 kamfanin Hanover a Amurka ya fitar da wani faifai mai suna The Discovery of Buck Hammer. Bayanin da ke bayan kwalin ya ce Buck Hammer baƙar fata ne daga wani lungu a jihar Alabama, gwanin fiyano, mai kunya, wanda da ƙyar aka shawo kansa ya yarda a naɗi kiɗansa, kuma bai daɗe ba ya rasu. Masu sharhi suka yaba, har da wanda ya yi jimamin cewa duniyar kiɗa ta yi babban rashi. Ashe babu wani Buck Hammer. Mai kaɗa fiyanon shi ne Steve Allen, Bature ɗan barkwanci, wanda ya fara gabatar da shirin talabijin ɗin nan na The Tonight Show a 1954. Bai tsaya nan ba, ya sake ƙirƙiro wata mace, Mary Anne Jackson, ya ɗora hoton mai aikin gidansa a kan kwalin.

Abin da Allen ya taɓo yana da zafi. Da sunansa na gaskiya, ɗan talabijin ne mai taɓa fiyano. Da ya saka rigar talaka baƙar fata wanda ya mutu ba a san shi ba, sai yatsun nan guda goma suka koma abin al'ajabi. Kenan labarin aka fara saurara kafin kiɗan. Na yi dariya da na karanta, amma daga baya abin ya ɗan tsaya min a wuya. A shekarun nan akwai baƙaƙen makaɗa na gaskiya, masu rai, da suke neman wanda zai naɗi kiɗansu ko ya rubuta layi biyu a kansu. Wanda ya samu shafin jarida kuwa shi ne wanda babu shi.

Kada mu haɗa komai a kwando ɗaya dai. Canza suna tsohuwar al'ada ce a jaz, kuma ba kullum yaudara ba ce. A faifan shahararren wasan Massey Hall da aka yi a Toronto a 1953, an rubuta Charlie Parker a matsayin Charlie Chan, saboda yana da kwantiragi da wani kamfanin, kuma duk mai kunne ya san busar waye. Jo Stafford da mijinta Paul Weston sun ƙirƙiro Jonathan da Darlene Edwards, ma'auratan da ke waƙa da kiɗa a karkace da gangan, har suka ci kyautar Grammy ta barkwanci a 1961. Shi kuwa Madlib, a 2001 ya fito da ƙungiyar jaz ta mutum biyar, Yesterdays New Quintet, da sunaye irin su Monk Hughes da Malik Flavors, alhali shi kaɗai ne a ɗaki yana kaɗa komai. Masoyansa sun gane, suka shiga wasan da shi.

Wanda ya fi burge ni a cikinsu shi ne Marvin Pontiac, kuma dalilin shi ne har Najeriya aka sako a ciki. Wajen shekarar 2000 aka fitar da faifan The Legendary Marvin Pontiac: Greatest Hits. Ga tarihin da aka ba shi: an haife shi a 1932, mahaifinsa ɗan Mali ne mai suna Toure wanda ya koma Pontiac da suka je Detroit don yana zaton sunan Amurkawa ne na yau da kullum, alhali sunan mota ne. Mahaifiyarsa Bayahudiya ce daga jihar New York. Ya taso a Bamako, ya koma Shikago yana ɗan shekara 15, daga baya ya ce halittun sararin samaniya sun sace shi, aka kai shi asibitin masu taɓin hankali, sannan motar bas ta buge shi ya mutu a 1977. Hotunansa duk dishi-dishi ne, wai saboda ya yi imani kyamara na sace kurwa. Kuma wai wata waƙarsa mai suna Pancakes ta yi tashe sosai a Najeriya ta hannun masu satar fasaha, shi bai ma sani ba.

Kai, jama'a! Ku lura da dabarar. Mai sauraro a New York a wancan lokacin ba shi da hanyar bincika abin da ya yi tashe a Legas ko Kano a shekarun 1950. Da an ce Afirka, bincike ya ƙare. Mutumin da ke bayan wannan duka shi ne John Lurie, mai busa sakisofon na ƙungiyar The Lounge Lizards, kuma manya irin su David Bowie da Leonard Cohen da Angélique Kidjo sun ba da kalaman yabo aka buga tare da faifan. Amma gaskiya kiɗan yana da daɗi, kuma ƙaryar ta yi girman da duk mai natsuwa zai gane raha ce. A 2017 ma Lurie ya sake fitar da wani faifan da sunan marigayin, wai naɗe-naɗen da ya yi a asibiti.

To, duk waɗannan mutum ɗaya ne yake wasa da hankalin jama'a, ya yi dariya, asiri ya tonu, a wuce wurin. Abin da ke faruwa yanzu masana'anta ce.

A 2022 jaridar Dagens Nyheter ta ƙasar Suwidin ta binciko cewa marubuta kiɗa kusan 20 ne ke bayan sunayen makaɗa sama da 500 a Spotify, ta hannun wani kamfani mai suna Firefly Entertainment. Ɗaya daga cikin sunayen shi ne Ekfat, wanda aka rubuta wa tarihi cewa ɗan ƙasar Aisland ne da ya yi karatun kiɗa a Reykjavik. Babu shi. A shekarar ce kuma masanin tarihin jaz Ted Gioia ya yi ƙorafin cewa jerin jaz na manhajar cike suke da sunayen da shi, da ya ƙarar da rayuwarsa a harkar, bai taɓa ji ba, kuma sawun da yawansu Suwidin yake komawa. A 2024 jaridar ta sake fallasa wani mutum guda, Johan Röhr, wanda ya saki kiɗa sama da 2,700 da sunaye 656, irin su Maya Åström da Minik Knudsen, aka saurare su kusan sau biliyan 15. Mutum ɗaya fa.

Me ya sa za a sha wannan wahalar? Kuɗi. Spotify ba ya biyan mawaƙi wani tsayayyen farashi a kan kowane sauraro. Ana tara kuɗin ne a tukunya ɗaya, kusan kashi biyu cikin uku na abin da kamfanin ya samu, a raba gwargwadon kason sauraron da kowa ya samu. Don haka duk daren da na kwana ina kunna makaɗin bogi, kason wani mai busa ƙaho na gaskiya da ke biyan kuɗin haya ne yake raguwa. 'Yar jarida Liz Pelly, a littafinta Mood Machine da ya fito a farkon 2025, ta ruwaito cewa akwai wani shiri a cikin kamfanin mai suna Perfect Fit Content, inda ake cusa irin wannan kiɗa mai araha cikin jerin karatu da barci da hutawa, domin abin da za a biya ya ragu. Ta zanta da makaɗan jaz na gaskiya da ake ɗauka haya, su naɗi kiɗa da yawa a zama ɗaya, a biya su sau ɗaya, a ce su sassauta kada kiɗan ya ja hankali, sannan a liƙa wani suna. Kamfanin dai tun 2017 yake musanta cewa yana ƙirƙirar mawaƙan bogi.

Wannan umarnin na "kada ya ja hankali" shi ya fi ba ni haushi, kuma da kaina nake. Ni ne kasuwar. Ni ne nake son kiɗan da ba zai dame ni ba. Jaz kuwa asalinsa hira ce tsakanin makaɗa, wannan ya faɗa wancan ya mayar, ana ƙirƙira nan take, ana kuskure ana gyarawa a gaban mutane. An tace duk wannan an bar mana ruwan ɗumi, mu kuma muna cewa a ƙaro.

Sai ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo, ta kori har ɗan hayar. A 2025 jaridar El País ta Sifaniya ta ba da labarin Concubanas, wata ƙungiya da aka ce an kafa a Havana a 1971 tana haɗa kiɗan Kuba da na Kwango, da faifanta wai na 1973 da ya samu kallo sama da miliyan a YouTube. Ga tarihi tsaf, ga kwali mai kamar ya sha ƙura. Sai can ƙasan bayanin, inda ba mai kaiwa, aka rubuta cewa na'ura ce ta haɗa. A tsakiyar shekarar The Velvet Sundown, su ba jaz suke yi ba, suka haura masu sauraro miliyan ɗaya a wata a Spotify, suka kuma amsa cewa babu ɗan adam a hoton. Manhajar Deezer ta ce a watan Afrilun 2025 waƙoƙin na'ura zalla kusan 20,000 ake ɗora mata kullum, kafin ƙarshen shekarar adadin ya kai 50,000. Spotify kuma ya ce ya goge tarkacen waƙoƙi miliyan 75 cikin shekara guda. A Amurka har an gurfanar da wani Michael Smith a 2024, bisa zargin ya haɗa dubban ɗaruruwan waƙoƙi da na'ura, ya sa asusun bogi suna saurare, ya kwashi sama da dala miliyan 10.

Da na kai wa abokiyar karatuna wannan labari, cewa ta yi: "To ni ina ruwana? In ya yi daɗi ba shi kenan ba?" Ban da amsar da za ta rufe mata baki, don ni ma kiɗan daren nan har yanzu yana min daɗi. Abin da na ce mata shi ne, in an faɗa min na'ura ce, na zaɓa da idona a buɗe. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ƙirƙiro min mutum, a ba shi gari da shekarar haihuwa da wahalar rayuwa, don a san tausayi zai sa in danna.

Kuma mu nan abin ya fi kusa da mu fiye da yadda muke zato. Su Amurka suna da kundin da ke nuna ranar da aka naɗi kusan kowane faifan jaz da sunan duk wanda ya busa a ciki, amma duk da haka an ruɗe su. Mu fa? Tsofaffin kaset ɗinmu da yawa ba kwanan wata, ba sunan 'yan amshi, wasu ma sai a bakin dattawa ake jin labarinsu. Mamman Shata da ya rasu a 1999 an yi rubuce-rubuce a kansa, akwai waɗanda suka zauna da shi. Amma gobe in wani ya ɗora murya mai shashshaka a TikTok, da hoto baƙi da fari, ya ce wani makaɗin kukuma ne da ya rasu a ƙauye a 1968, mu nawa ne za mu tsaya tambaya kafin mu tura a guruf mu rubuta "Allah ya jiƙan mazan jiya"?

Yanzu in suna ya burge ni, ina ɗan yin abin da aka koya mana a aji. Ina neman bidiyon da mutumin ke wasa a gaban jama'a. Ina duba ko an ambaci waɗanda suka kaɗa tare da shi da inda aka naɗa, don jaz na gaskiya ba ya ɓoye mai ganga. In faifai ya ce na 1973 ne, ina leƙa Discogs in ga ko akwai wanda ya taɓa riƙe shi a hannu. Ina buɗe bayanin YouTube har ƙasa. In kuma na ga mutum ya saki faifai goma cikin wata uku, to, na gane.

A cikin wannan yawon ne na ci karo da Buddy Bolden, mai busa ƙaho na New Orleans wanda da yawa ke ɗauka a matsayin ɗaya daga cikin waɗanda suka fara jaz. Shi ya rayu da gaske. An kai shi asibitin masu taɓin hankali a 1907, ya zauna can har ya rasu a 1931. Waɗanda suka ji shi sun ce ana jiyo busarsa daga nesa. An daɗe ana raɗe-raɗin cewa ya taɓa naɗar kiɗa sau ɗaya, masu bincike sun shafe shekaru suna nema, har yau ba a samu ba. Hotonsa ɗaya ne tak aka sani, yana tsaye da 'yan ƙungiyarsa, ƙahon a hannu.