Hawayen Mai Rashi Ba Ƙarancin Imani Ba Ne

Da wuya a shiga gidan makoki a ƙasar Hausa a rasa wata dattijuwa da ta naɗa kanta mai gadin hawaye. Matar mamacin na fara sheshsheƙa za ta taso mata: "Ke, yi wa mutane shiru! So kike a azabtar da shi a kabari? Ina tawakkalinki?" Sai baiwar Allah ta haɗiye kukan, ta ja mayafi ta rufe fuska, a yi ta yaba mata dauriya. Bayan wata shida, idan ta rame, barci ya ƙaurace mata, ta daina shiga mutane, masu yabon nan su ne za su fara cewa iska ce ta taɓa ta, ko kuma sammu aka yi mata.

Abin haushi shi ne da sunan addini ake wannan danniya, alhali addinin bai ce haka ba. Lokacin da Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), yake gargarar mutuwa, hawaye sun zubo wa Manzon har Abdurrahman bin Auf ya yi mamaki ya tambaye shi, shi kuwa ya nuna masa cewa wannan rahama ce. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, masu tarihi Shekarar Baƙin Ciki suke kiranta. Annabi Yakubu ya yi jimamin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma babu wanda ya taɓa zarginsa da raunin imani. Abin da aka hana sananne ne: kururuwa, marin fuska, yaga tufafi da furta kalaman jayayya da hukuncin Ubangiji. Hadisin azabtar da mamaci saboda kukan iyalinsa, wanda ake kafa hujja da shi, yawancin malamai sun ɗauke shi a kan wanda ya yi wasiyyar a yi masa kururuwa, kuma Nana A'isha da kanta ta yi gyara a kan yadda aka fahimce shi. To ina aka samo fatawar da ake toshe bakin matar da ta rasa mijin da suka shekara talatin tare?

Al'ada ma ta ƙara nata nauyin. Uwar da ɗan farinta ya rasu, kunya ta hana ta ko ambaton sunansa. Wadda jaririnta ya koma, ana ce mata "Allah ya kawo rayayye" a wuce wurin, kamar ba wata tara ta yi tana ɗauke da shi ba. Namiji kuwa an riga an yanke masa hukunci tun yana yaro cewa ba ya kuka, don haka ana share makoki ranar uku, washegari yana bakin shagonsa.

Jiki dai ba ya bin wannan doka. Rashin barci, rashin cin abinci, mantuwa, faɗuwar gaba, ko jin kamar muryar mamacin a tsakar gida, duk abubuwa ne da aka saba gani a makonnin farko, kuma ga yawancin mutane sukan lafa sannu a hankali. Ga wasu kuwa ba sa lafawa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a sabon kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022, ta amince da jimamin da ya zarce ƙima a matsayin larura mai bukatar kulawa: mutum ya haura wata shida begen mamacin na cinsa, har ya kasa aikinsa da hidimar gidansa. Talauci da rigimar gado kan ƙara dagula lamarin.

Taimakon mai rashi daga cikin gida yake farawa. Idan ya ɗauko zancen mamacin, a bar shi ya yi, ko da labarin da ya bayar jiya ne yake maimaitawa. Sauraro ake bukata a nan, wa'azi ya riga ya sha shi. A kai masa abinci. Da labarin rasuwar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina, umarnin da Manzo ya bayar shi ne a yi wa iyalinsa girki, amma yau an juya abin: gidan da aka yi rashi ne ke cin bashi don sayen buhun shinkafar ciyar da masu gaisuwa. Kuma kada zumunci ya ƙare da sadakar bakwai. Mai takaba wata huɗu da kwana goma take yi, kuma kaɗaicin na gaske yana fara cizonta ne bayan an naɗe tabarmi kowa ya kama gabansa. A lokacin ne ya kamata 'yan uwa su raba kwanaki a tsakaninsu, wannan ta leƙa yau, waccan ta kwana gobe. Yara ma a faɗa musu gaskiya daidai hankalinsu. Yaron da aka ce wa "Baba ya yi tafiya" zai yi ta jiran dawowarsa a ƙofar gida.

Shi ma mai rashin da nasa aikin. Ya ci ko loma kaɗan ce a kan lokaci, ya riƙa fita yana taka ƙafa, ya riƙe sallarsa da addu'a, ya sami mutum ɗaya da zai iya buɗe wa cikinsa. Sayar da gida ko tashi daga gari, a jinkirta su har hankali ya dawo. Babban tarko kuwa shi ne kemis. Ƙwayar barci irin su Valium da ake miƙa wa mai takaba ba tare da takardar likita ba, ko tiramol da matashi ke kora baƙin ciki da shi, cikin 'yan makonni jiki ke sabawa da su, a wayi gari da ciwo biyu.

Idan watanni suka shuɗe abin sai gaba yake yi, ko mutum ya fara cewa gara ya bi mamacin, wannan magana ba ta jiran gobe. Kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti. Ruƙiyya da addu'a ba su hana ganin likita, kuma zuwa sashen lafiyar ƙwaƙwalwa ba ya nufin mutum ya haukace. Akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, sannan asibitocin koyarwa suna da sashensu. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta tanadi kare sirri da mutuncin duk wanda ya je neman wannan magani.